Santi huɗu a bayan wando

Duk wanda har yanzu akwai tsohuwar adaka a gidansu, a Zango ne ko Bukoki ko Lakurusu cikin Yamai, ya buɗe ta ya lalubo wandon da aka ɗinka wa wani saurayin gidan wajen 1980, ya juya shi bai-bai. Kada launi ko faɗin ƙafa su ɗauke masa hankali. Ya dubi ɗinkin tsakiyar baya, wanda ya sauko daga ƙugu zuwa hantsa. Zai tarar da rarar yadi kwance a ciki, santi 3 ko 4 kowane ɓangare a wajen ƙugu, tana sirancewa har ta koma santi 1 a hantsa. Shi kansa ƙugun wandon a rabe yake gida biyu daidai wurin, don ranar da za a buɗa shi kada sai an warware wandon duka. In ya sauko bakin ƙafa zai ga kalmasa ta santi 5 ko 6, wani lokaci ma da sawun tsohon kari har biyu, shaidar an sauke ta sau biyu yayin da mai wandon ke ƙara tsawo.

Wannan rara ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin kewar shekarun 1980 ta yi yawa a Yamai kwanakin nan. Duk inda masu shekara 55 zuwa 65 suka taru, wajen ɗaurin aure ko suna ko shayin bayan isha'i, ba a daɗewa wani zai ciro waya ya nuna hotonsa na situdiyo: suma ta tashi kamar kwando, riga ta kama jiki, ƙafa ɗaya bisa kujera, furen roba a gefe. A yi dariya, a tuna wane da wance, a yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya addu'a. Daga nan sai hira ta karkata kan ƴaƴan yau: ba su san ado ba, sai bosho, wato gwanjo, sai yagaggen wando, sai kayan da ba sa kai wata uku. Rabin farko na hirar ina tare da shi. Rabi na biyu zalunci ne, kuma shi ke rufe mana ido daga abin da ya cancanci a ceto. Yayi ya zo ya wuce, kuma zai sake dawowa da ƙafarsa. Abin da ke mutuwa a gabanmu shi ne sanin yadi, da sanin yanka, da sanin yadda ake riƙon tufa, kuma mu ne muka kasa miƙa shi.

A tuna fa, waɗannan da ke faɗa yau su ma an yi masu faɗa. Uba ya sha kama ɗansa ya kai wa wanzami a sauke sumar nan kafin sallar idi. An kira wando mai faɗin ƙafa tsintsiyar titi. Budurwa ta sha fita da zane a ɗaure bisa buje don kada a tsai da ita a zaure. Zamani riga ne, in ji Hausawa, kowa da irin wadda ya sa.

Bambancin da ke akwai na gaskiya yana cikin hanyar da tufa ke bi kafin ta hau jiki. Saurayin wancan lokaci yana ganin yayi a majigin Vox ko Rex, a fim ɗin Indiya ko na karate, ko a bangon faifai, ko a jikin wani ɗan bida da ya dawo daga Abijan. Mutanen Tawa da Adar baki ɗaya sun san wannan hanya fiye da kowa: ɗan uwansu ya dawo da rediyo da akwati, kafin kwana goma telolin gari sun kwafe yankan rigarsa. Wani yayin kuma ta Kano yake shigowa, ya bi ta Maraɗi ko Birnin Ƙonni. Ga samariya ta zamanin Seini Kunce, da bikin matasa na ƙasa da aka soma a 1976 yana zagaya manyan garuruwa, inda kowace jiha ke zuwa da ankonta, matasa na ganin ɗinkin juna. Amma ganin yayi daban, samun sa daban. Ba kantin da za ka shiga ka ciro shi a rataye da kuɗin ɗan lakwal. Dole ka sayi yadi, ka kai wa tela, ka tsaya a gwada ka, ka yi bayani da bakinka. Yaro mai shekara 16 ya san mita nawa ke yi masa wando, ya san faɗin gwiwarsa, ya san wane tela ne ya iya kwala wane ne bai iya ba. Makaranta ce babba da ba wanda ya kira ta makaranta.

Ɗauki wandon nan mai faɗin ƙafa, wanda ya shigo tun shekarun 1970 ya kuma daɗe a jikin samari har farkon 1980. A ido kamar abu mai sauƙi, a teburin yanka kuwa nan ake gane tela. Wando na yau da kullum yana cin mita 1.20 na yadi mai faɗin santi 150. Shi wannan sai an ba shi 1.30 zuwa 1.50, gwargwadon tsawon mai shi. Ana matse shi daga ƙugu zuwa cinya, a kai gwiwa da kamar santi 21 ko 22 in an shimfiɗa shi, sannan a buɗe zuwa 30 ko 32 a bakin ƙafa. Buɗawar tana farawa ne kaɗan sama da gwiwa. In aka fara daga ƙasanta wandon zai riƙa kama gwiwa duk lokacin da mai shi ya zauna, ba a jima ba ya yi kumburi a wurin. Babban kuskure shi ne ƙara faɗin a gefe ɗaya. Layin kari dole ya bi tsayin zaren yadi sak, kuma abin da aka ƙara a waje shi za a ƙara a ciki, santi da santi. Telan da ya so tsimin yadi ya ɗan karkata ƙafa ɗaya don ta shiga, wandonsa zai yi kyau ranar karɓa, amma wanki na biyu ƙafar za ta murɗe, ɗinkin gefe ya dawo kan ƙwauri, kuma ba gugar da za ta mai da shi. Kalmasar ƙasa ma tana da nata sharaɗi. Tun da ƙafar buɗewa take, in ka naɗe santi 5 bakin zai fi wurin da zai kwanta faɗi, sai ya tattare. Gwanaye kan yanka rarar tana komawa ciki kamar hoton madubi na buɗawar, ko su yi mata shafi da ƙyalle dabam.

Da yayi ya juya a tsakiyar shekarun 1980 zuwa wando mai ninki biyu a gaba, mai sakin cinya da tsuke ƙafa santi 17 ko 18, ba a zubar da tsofaffin ba. An mayar wa tela ya rage ƙafa daga gwiwa, ƙane ya gada. Abin da aka yanke ya zama aljihu ko facin wani wandon.

Na ƴan mata ya fi wannan zurfi, don su tun daga kasuwa iliminsu ke farawa. Zane uku ake saya, yadi 6 ke nan, kusan mita 5 da rabi: ɗaya na ɗaurawa, ɗaya na riga, na uku a fitar da kallabi, saura a ajiye. Budurwar da ke bin uwarta Babbar Kasuwa ta koyi juya atamfa ta ga bayanta kafin ta tambayi kuɗi. Atamfa ta asali, irin ta Holan da ta Ingila da ta Uniwax ta Abijan, rininta ya ratsa, gaba da baya kusan ɗaya suke, kuma akwai ƴan tsage-tsage da ɗige-ɗigen da ƙaron da aka toshe rini da shi ke bari, waɗanda ba sa maimaita kansu daidai. Fansi kuwa fuska ɗaya aka buga, bayanta a koɗe. Sunan masaƙa da lambar zane suna rubuce a gefen yadi. A lokacin akwai ta masaƙar Sonitextil da ake bugawa nan Yamai, akwai ta Kaduna, kowace da kuɗinta da ranar sa ta. Fansi ba abin kunya ba ce. Abin kunya shi ne a sayar maka da ita a kuɗin Holan ba ka gane ba. In ana shakkar ko auduga ce, sai a zare ƴan zaruruwa a kusanta su da ashana: auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Yau atamfar roba ta cika kasuwa, amma ƴan mata nawa aka nuna wa wannan gwaji da ba ya cin ko dala?

Rigar da ta yi tashe ita ce mai kama ƙugu da baza a ƙasa, wadda ake kira taibas, tare da hannu mai kumburi da soso a kafaɗa. Ana kama ta da tsuke biyu a gaba biyu a baya, zif a tsakiyar baya mai tsawon santi 40 zuwa 50, don gajeren zif shi ke sa a yi ta kokawa da riga wajen sawa har hammata ta ɓarke. Kumburin hannu ba ya samuwa sai an yanka kan hannun ya ninka zagayen hammata sau ɗaya da rabi ko sau biyu, a tattara shi da layin ɗinki biyu, a tallafe shi ta ciki da ƙyalle mai tauri; in ba haka ba wankin farko zai kwanta. Sai babban abin da ke raba gwani da ɗan koyo, wato zanen atamfar. Tsuntsu ko fure ko fanka duk suna da sama da ƙasa. Telan kirki yana shimfiɗa zanen ya nemi tsakiyar hoton ya ɗora shi a tsakiyar ƙirji, ya tabbatar baya da hannuwa duk sun kalli sama, ya kuma kula kada babban da'ira ya faɗo inda bai dace ba a jikin mace. Wannan yana cin yadi, shi ya sa ake son zane na uku a hannu. Kuma a gefen rigar ana barin santi 2 zuwa 3 kowane ɓangare, don rigar budurci ta kai mai ita har bayan haihuwar fari.

Kafin almakashi ya taɓa auduga ana jiƙa ta. Sabuwar auduga tana shiga da kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko, wato a tsawon wando na mita 1 za a rasa santi 3 zuwa 5. Uwaye sun san haka, sukan jiƙa yadi ya kwana, a shanya a inuwa, a goge, sannan a kai ɗinki. Shafin riga ma haka. In aka haɗa atamfar da aka wanke da shafin da ba a wanke ba, shafin zai shige ya ja rigar ta yi ta tattarewa a gefe. Kekunan lokacin Singer ne da Butterfly na ƙafa, ɗinki miƙaƙƙe kawai suke yi, ba na'urar ɗaure bakin yadi a yawancin shaguna. Wannan rashi ya zama alheri, domin ya tilasta a yi ɗinki sau biyu a rufe bakin yadin a ciki, kuma irin wannan ɗinki ba ya zarewa. Taku 4 zuwa 5 a kowane santi ake yi wa riga. Mai gaggawa yana buɗe takun ya koma 2 ko 3 don keke ya yi gudu, sai ɗinki ya riƙa yin haƙora in an ja shi. Allura kuma kowane yadi da tasa: lamba 70 ko 80 ga boyal, 90 ga atamfa da shadda, 100 ko 110 ga kaki da jins. Babbar allura a boyal tana barin huji, ƙarama a kaki tana tsallake ɗinki ko ta karye.

Riƙon tufa shi ne rabin ado, kuma samarin da sun iya shi don ba su da zaɓi. Atamfa ana wanke ta da ruwan sanyi da sabulun Lavibel ko sabulun salo, a juya ta bai-bai, a shanya a inuwa. Ranar Yamai ta watan Afrilu tana cin launi fiye da wanki goma. Garin sabulu mai ƙarfi da ruwan jabel na fararen kaya ne kawai, su kuma a ƙarasa su da bula. Sitacin rogo cokali biyu ya isa lita ɗaya: a dama da ruwan sanyi, a zuba tafasasshe ana juyawa har ya yi garau, a tsinka, a tace da ƙyalle. Wanda bai tace ba zai ga farin dabbare a baƙin wandonsa. Shadda ba ta son dutsen guga, wajen masu bugu ake kai ta da ɗan danshinta, a ninke ta bisa gungume a yi ta dukanta da taɓaren itace har zaren ya kwanta ya ɗauki ƙyalli. In bugun ya wuce kima kuma ta tsage a kan ninki. Dutsen guga na gawayi, mai zakara a baki, yana da tsari: a bari gawayi ya ruru hayaƙi ya ƙare, a hure toka nesa da kaya, a gwada a kan takarda, a fara da auduga yana da zafi, a bar yadin targal sai dutsen ya huce, shi ma da jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Ba haka ba wandon zai yi sheƙi a cinya, ko tartsatsi ɗaya ya huda shi. Don kari ya daɗe ana goga busasshen sabulu ta cikin layin kafin a danna. Wanda ba shi da gawayi ya ninke wandon a kan karinsa ya sa ƙarƙashin katifa ya kwana a kai.

Ba komai na da ne abin so ba, kuma mai kewa da gaskiya ya kamata ya faɗi wannan. Targal roba ce. A zafin da ke haura digiri 40 ba ta shan gumi, ƙurajen zafi da warin hammata suna tare da ita, an dai so ta ne don ba ta yamutsewa. Kwallin dutse da ake niƙawa ana rambaɗa wa ido, har na jarirai, dalma ce a cikinsa, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Kitson zare da aka ja da ƙarfi ya cinye gaban goshin mata da yawa, man miƙar da gashi mai soda ya ƙone fatar kan wasu, man sauya launin fata ma a lokacin ya soma samun gindin zama. Kuma kada hotunan situdiyo su ruɗe mu. Agogo da tabarau da takalmi ƙwas-ƙwas da ke cikin hoton sau da yawa na aro ne. Kuɗin yuraniyom da suka shigo ƙarshen shekarun 1970 sun ja baya tun farkon 1980, fari ya zo a 1984, Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986. Gidaje da yawa ɗinki ɗaya suke yi wa yaro a shekara, na ƙaramar salla, wasu ko shi babu. Talauci ne ya haifi rarar santi huɗun nan. Sai dai dabarar da talauci ya koyar ba ta zama banza don ta fito daga talauci, balle ma talaucin bai tafi ko'ina ba.

To me ya karya wannan tsari? Ba tarbiyyar yara ba ce. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, ƴan yadi da teloli suka watsu zuwa kasuwar Wadata da sauran wurare, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Wannan an farfaɗo daga gare shi. Dukan da ba a tashi daga gare shi ba shi ne na Janairun 1994, da aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Duk yadin da ke zuwa daga Turai, da zare, da zif, da allura, da kayan gyaran keke, kuɗinsu ya tashi, albashi kuwa bai bi sawunsu ba, wasu watanni ma ba ya zuwa. Sonitextil ta yi ta rarrafe har aka sayar da ita ta koma Enitex. Dilolin bosho da ke sauka ta Kwatano da Lome suka cike gurbin, daga baya atamfar Sin da kayan kanti masu araha suka biyo. Uban da ya tarar kuɗin yadi da ɗinkin wando ɗaya zai sayi wando uku a kasuwar Katako, ba wanda zai ce ya yi kuskure. Yaron da aka haifa bayan haka ya tashi bai taɓa tsayawa an gwada shi ba sai da azumi. Ta ina zai san faɗin gwiwarsa?

Bosho ma ba abokin gaba ba ne. Zaɓen farko na dila yakan fi sabon kanti ingancin yadi da ɗinki nesa ba kusa ba. Matsalarsa ɗaya: an yanka shi ne don wani jiki a wata ƙasa, kuma kayan masana'anta galibi santi 1 kawai suke bari a ciki, an datse an ɗaure baki, ba abin buɗawa. Ana iya rage shi, ba a iya ƙara shi. Saboda haka mai saya wa yaro mai tasowa ya ɗauki wanda ya fi shi girma, ya kai wa tela ya rage ba tare da yanke rarar ba. Wannan ƙaramin sharaɗi, "rage amma kada ka yanke", ya isa ya ƙara wa wando shekara.

Su ma teloli akwai nasu kason. Ɗinki bai mutu a Yamai ba, shagunan ma sun fi na da yawa, kuma tun da Alphadi, mai tsara tufafi, ya kafa bikin nuna kayan sawa na FIMA a 1998 sana'ar ta sami martabar da ba ta da ita a da. Amma nauyin ya koma kan aikin wuya da duwatsu da ƙyalƙyali, yanka ya koma baya. Ana ganin kaftani mai aikin da ya ci kwana uku, kafaɗarsa na zamewa baya don ba a daidaita tsawon gaba da na baya ba. Ɗan koyo kan shekara biyu ko uku yana guga, yana sa maɓalli, yana sayo shayi, maigida na yanka da dare ko ya juya masa baya, don tsoron in ya iya zai buɗe shago a gefensa. Yaron ya gaji ya tafi da rabin sani, ya buɗe shagon duk da haka. Laifin masu kai ɗinki kuma shi ne tara komai a goman ƙarshe na azumi. Telan da ya karɓi ɗinki ɗari a kwana goma, ga ɗaukewar wuta, ba zai jiƙa yadi ba, ba zai kira ka gwaji ba, ba zai daidaita fure ba. Araha ba ta ado, gaggawa ma haka.

Abin da nake kira a yi ba ya buƙatar kasafin ma'aikatar gwamnati. Uwa ko uba su tafi da yaro kasuwa ya taɓa yadi da hannunsa, su tafi da shi wurin tela ya ji ana faɗin awonsa, ya rubuta a littafinsa. A kai ɗinkin salla tun watan Sha'aban. A faɗa wa tela a fili: santi 4 a baya, santi 6 a ƙasa, a kira mu gwaji kafin a rufe. Yaro namiji tsakanin shekara 13 da 15 yana iya ƙara santi 7 zuwa 10 a shekara guda, mace kuma tata tasowar ta riga tasa da kamar shekara biyu. Wandon da ba shi da rara an ɗinka shi ne don wata shida. Makarantun da ke sa tufafin lakwal iri ɗaya su rubuta wannan rara cikin sharaɗin da suke ba telolinsu, don iyaye su daina sayen sabo kowace Oktoba. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke cikin kwaminoni, da shugabannin ƙungiyoyin teloli, su sa yanka a shekarar farko ta koyo. Ba sai an ɓata yadin kowa ba: takardar buhun siminti da tsohon zanen gado na bosho sun isa yaro ya yanka wando ashirin kafin a ba shi shadda.

Tsofaffin telolin da suka yi wa samarin 1980 ɗinki kuwa suna nan da sauransu, ido ya raunana, wasu sun koma facin kaya a bakin kasuwa. A hannunsu da kansu awon yake, ba a rubuce ba. A zauna da su da waya a ɗauki hoton hannunsu suna jan alli, a tambaye su dalilin kowane layi, a biya su ladan lokacinsu. Kayan da ke cikin adaka kuma ana iya cire samfurinsu ba tare da an warware ba: a goge tufar, a shimfiɗa ɓangare ɗaya bisa takarda a kan tabarma ko bargo, a bi layin ɗinki ana sokawa da allura kowane santi 2, a ɗaga, a haɗa ɗige-ɗigen da fensir, a ja kibiya ta nuna tsayin zare, sannan a ƙara rarar ɗinki. A rubuta shekarar da sunan telan in ana tunawa. Gidan tarihi na Bubu Hama yana da ɗakin tufafin gargajiya na ƙabilun ƙasar nan. Ina ganin taibas da wando mai faɗin ƙafa da riga mai aljihu uku sun kai shekarun da za a ba su kusurwa a can, don su ma tarihin garin nan ne.

Wanda zai ajiye irin waɗannan kaya a gida kada ya sa masu sitaci, don sitaci abincin ƙwari ne. A wanke, a bushe sarai, a naɗe cikin farin ƙyallen auduga maimakon leda, a ɗaga adakar daga ƙasa bisa bulo saboda gara da danshin damina, a fitar da su su sha iska a inuwa sau ɗaya a shekara, lokacin hunturu, a kuma sauya wurin ninki don kada zare ya karye a layi ɗaya. Hotuna masu launi na shekarun 1980 suna komawa ja saboda shuɗin cikinsu ne ke fara gudu, zafi da haske kuma suna gaggauta shi. Baƙi da fari sun fi su juriya. Kada a manne su da roba mai zafi, abin da aka manne ba ya ɓantaruwa. A cire su daga albam mai danƙo in za su fita ba tare da yagewa ba, a ɗauki kwafinsu a inuwa ba da walƙiyar waya ba, a sa takarda tsakanin hoto da hoto. A bayan kowanne a rubuta da fensir, don biro yana ratsawa: sunayen waɗanda ke ciki, unguwa, shekara, sallar da aka yi ɗinkin dominta, irin yadin, da wanda ya ɗinka.